Kawu da Tambayoyin da Ya Hana Mu Canka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ran Kawu, ƙanin mahaifiyata, ana saura 'yan makonni 'yata ta zauna jarrabawar shiga jami'a. Ko a tafiyarsa ta ƙarshe sai da ya bar mini rigima.

Zaman makokin nan na yi shi ne ina sauraron labarin wani bawan Allah da ban taɓa haɗuwa da shi ba. Wani dattijo dillalin shanu ya zauna kusa da ni a tabarma, ya girgiza kai ya ce, "Malam mutum ne mai sauƙin kai." Na ce, "Allah ya jiƙansa." Tsofaffin ɗalibansa suka ciko mota daga Danchuwa, inda ya yi hedimasta kafin ya yi ritaya, babbansu ya gyara murya ya ce tunda yake bai taɓa ganin Malam ya yi gardama da kowa ba. Babban ɗan Kawu, wanda muke sa'anni da shi, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Har wani ya dafa shi yana ba shi haƙuri, wai kowa lokacinsa yake jira. Ni da na san shi na san dariya ce take neman ƙwace masa.

A cikin gida ne kawai aka faɗi gaskiya. Matar Kawu, wadda duk muke kira Inna, mutuniyar Gadaka ce, ba ta iya kwana-kwana ba. Da mata suka dame ta da zancen sauƙin kai, sai ta gyara mayafi ta ce, "Ku faɗi alherinsa, yana da shi da yawa. Amma sauƙin kai kam ku bar shi, kar ya ji ya taso ya yi muku gyara."

Ranar jana'iza, kafin a sallace shi, liman ya juyo ya ce duk wanda mamacin nan ya ɓata wa rai ya dubi Allah ya yafe masa. Sahu ya amsa, "Mun yafe." Bakina ya amsa tare da na jama'a. Amma akwai abu ɗaya da ya tokare mini ƙirji ya ƙi wucewa, kuma shi ya zaunar da ni rubuta wannan. Ba na so a manta da Kawu. Ba na kuma so a yi ta wanke shi ana goge shi har ya koma wani mutum dabam wanda mu danginsa ba za mu gane ba.

Tun kafin ya ajiye aiki Kawu ya mayar da zaurensa aji. Bayan la'asar, duk ɗan dangi ko ɗan unguwa da ke shirin jarrabawar shiga jami'a, mace ko namiji, yana nan a kan tabarma, yau Turanci, gobe lissafi. Kyauta yake yi. Kayan aikinsa baƙin allo ne jingine da bango, da gwangwanin alli, da wani tsumma da ya girmi wasu ɗaliban. Iyaye kan sayo wa 'ya'yansu littafin tsofaffin tambayoyi sabo dal, mai shi ya shigo yana taƙama. Kawu zai karɓa, ya yaba bangon, ya juya can ƙarshe inda aka jera amsoshi, ya yage shafukan gaba ɗaya, ya leƙa cikin gida ya ce, "Ga na hura wuta." Allah kaɗai ya san yawan tuwon da Inna ta tuƙa mana da amsoshin jarrabawa.

In ranar Turanci ce, faɗin amsar da ta dace ba ya fitar da kai. Sai ka miƙe ka bayyana laifin sauran amsoshi ukun ɗaya bayan ɗaya, kamar kana gaban alƙali. Na tuna yammacin da ya ƙare mana kaf a kan wata 'yar mitsitsiyar kalma, har aka kira magariba ba mu taɓa tambaya ta biyu ba. Wani a cikinmu ya yi ƙarfin hali ya ce, "Malam, a jarrabawa fa ko minti guda ba a ba mutum a kan tambaya."

Kawu ya ce, "Wannan matsalar masu jarrabawa ce. Nan zaurena ne."

Lissafi kuwa, kafin a fara sai ya yi faɗa da wanda ya rubuta tambayar. Aka karanto masa ta tankin da famfo ke cikawa alhali yana yoyo ta ƙasa. Ya zare tabarau ya ce, "Tsaya. Wane sakarai ne ke zuba ruwa a tanki mai yoyo? Ya nemi mai walda mana." Aka karanto ta motoci biyu da suka taso daga garuruwa biyu, kowace tana gudu iri ɗaya ba tsayawa. Ya ce, "Wannan bai taɓa bin tirela daga Potiskum zuwa Azare ba. Ba shinge, ba salla, ba faci?" Sai ya huce sannan zai ɗauki alli ya warware ta tsaf, layin rubutunsa a miƙe kamar an ja zare.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar dokarsa ita ce ta hana canka.

Ga wanda bai san jarrabawar ba, kowace tambaya tana zuwa da amsoshi huɗu, ka zaɓi ɗaya. In ka dace ka sami maki, in ka kuskure ba a rage maka komai. Saboda haka duk malamin da na sani abu ɗaya yake gaya wa ɗalibansa: kar ka bar gurbi, wadda ba ka sani ba ka yi bisimilla ka canka. Duk malami ban da Kawu.

Shi a wurinsa zaɓen amsa shaida ce. Kakanmu, wanda fatauci ya kawo shi daga Kano ya zaunar da shi a Potiskum, ya sa Kawu karatun zaure kafin na boko, a gaban wani malami da in an yi masa tambayar da bai sani ba sai ya ce "Allah ne masani" ya rufe littafi. Kawu ya ɗauko wannan ladabi ɗungurungum ya shigo da shi jarrabawar zamani, inda ba wanda ya gayyace shi. Yakan ce, "In ka cike gurbin da ba ka sani ba, ka gaya wa mutane ka sani. Shaidar zur ke nan. In kuma ka dace, caca ka ci." Abin da ya yarda da shi, tambayar da ta gagare ka ka bar ta, ka haddace ta, ka ɗauko ta a ka ka kawo masa. Duk ranar jarrabawa yana zaune a ƙofar zaure da alli a hannu. Ɗalibansa suna fitowa za su zarce wurinsa ko ruwa ba su sha ba, kowa ya sauke masa tambayoyin da ya baro, a warware su a allo. Maki ya riga ya tafi, amma fuskar Kawu fes, kai ka ce albishir aka yi masa.

Kuma ba shawara yake bayarwa ba. Alkawari yake karɓa, baki da baki, ido cikin ido, kafin ya yarda ka zauna a tabarmarsa.

Ni ma na ɗauka. Zamaninmu da fensir ake cikewa, kuma karatun likita nake so, so ba na wasa ba. Na zauna, na bar gurabe, na fito na kai wa Kawu. Sakamako ya zo, maki ya gaza da kaɗan. Shekara ta zagayo na sake zama, na sake barin gurabe, ya sake gazawa da kaɗan. Abokina da muka yi benci ɗaya, wanda ya rantse mini duk wadda ta gagare shi amsa ta uku yake cikewa ido rufe, yau likita ne a wata jiha. Ni na ƙare a makarantar koyon aikin lafiya, yanzu ina da kemis a bakin titi, ina sayar da maganin da irinsu suka rubuta. Alhamdu lillahi, ina ci ina sha, ban rasa komai ba. Amma tun daga lokacin duk wanda ya tayar da zancen amsata ɗaya ce: da na canka da na samu.

Na taɓa faɗa masa haka a fuskarsa, yana alwala. Ya ce, "Da ka samu, da ka zama likita mai canka. Gara da Allah ya tsare mutane." Ya ci gaba da wanke ƙafarsa.

Kar dai in zalunce shi yana kwance. Bai ɗora wa mutane dokar ya tsame kansa ba. Manhaja ta canja ta bar shi a baya, aka shigo da lissafin da ba a yi a kwalejin horon malamai ta zamaninsa. Ranar da aka kawo tambayar da ta fi ƙarfinsa, zai tsaya gaban allo ya daɗe, ya ajiye alli, ya ce a gaban kowa, "Ban sani ba." Washegari da hantsi ya hau tsohon kekensa ya nufi garin Mamudo, wurin wani malamin lissafi wanda shi Kawu ya koya wa ɗaya da ɗaya a firamare. Malamin ya sha roƙonsa ya bari shi ya riƙa zuwa, ko a turo masa ta waya. Kawu ya ce, "Ni nake nema, ni zan je." Da la'asar zai dawo riga sharkaf da gumi, ya jingine keke, ya ce, "Jiya ban sani ba, yau na sani. Ku gyara zama." Na ga wannan da idona a tsakiyar watan zafi, yana da shekarun da ya kamata a ce jikoki ne ke yi masa fifita. Irin wannan ne ya sa fushi da shi yake da wahala, kuma wannan ma wani abin haushin ne.

Sai ga Ummi. 'Yata ce ta fari. Sunan marigayiya mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Ummi, Kawu kuma yake ce mata Yaya, tunda sunan yayarsa ta ci. Kanta yana ja fiye da nawa, kuma ita ma likita take so ta zama, ba ni na sa mata ba. Na yi niyyar kai ta lesin zamani, inda ake koya musu danna kwamfuta da tsere da lokaci, tunda yanzu a kwamfuta ake jarrabawar. Labari ya kai kunnen Kawu. Ya zo har kemis a kan kekensa, ko sauka bai yi ba, ya ce, "Yaya ba za ta je wurin masu koyar da caca ba ina raye." Ya juya. Ƙanin uwa ne, kuma uwar ba ta nan balle in kai mata ƙara.

Bara ta zauna karo na farko. Ta bar gurabe, ta kai masa, maki ya gaza da kaɗan. Ji na yi kamar ana sake karanta mini rayuwata daga farko. Ƙawayenta suka tafi jami'a, ita tana gida tana wanke-wanke, maganarta tana raguwa kullum. Bana karo na biyu ne, kuma na san wanda ya faɗi sau biyu da wuya ya sake ɗaga littafi, domin ni ban sake ba.

Na je wurin wani malamin fiƙihu da Kawu yake ganin girmansa, na zayyana masa komai. Ya ce babu laifi, ba shaida ba ce, ba kuma caca ba ce, tunda masu shirya jarrabawar da kansu sun san ana yi. Na kwaso fatawar da zafinta na kai zaure, ana tsakiyar darasi. Kawu ya saurare ni har ƙarshe.

"A wane littafi ya gani?"

"Bai faɗa ba, Kawu."

"To shi ma canka ya yi."

Ranar ce na fara ɗaga masa murya a rayuwata. Na ce, "Kawu, ka cinye mini nawa, don Allah ka bar mini na 'yata." Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Ka gama?" Sannan ya juya ya ce, "Yaya, goge allon." Na yi makonni ban taka gidan ba, Ummi kuwa ko fashin rana ɗaya ba ta yi ba.

Ciwon nasa bai daɗe ba. Jini ne ya hau, ya faɗi a hanyar masallaci, aka yi 'yan kwanaki a asibiti aka dawo da shi gida. Na je da abin awon jini na zauna a bakin gadonsa. Da na gama awo na ce, "Kawu, abu ɗaya nake roƙo. Ka saki yarinyar nan. Ka ce mata ka janye alkawarin." Harshensa ya yi nauyi, amma ya yi mini alama in kira ta. Na fita da sauri, zuciyata fari ƙal, na ce a ƙarshe dai tsohon ya sauko. Ummi ta shigo ta durƙusa.

Ya ce, "Yaya, ina muka tsaya?"

Ta ce, "Lissafin kusurwa, Kaka. Ba mu ƙarasa ba."

Ya ce, "Gobe mu ƙarasa." Ya lumshe ido ya yi barcinsa.

Bai janye komai ba. Goben ba ta zo masa da ƙarfin tashi ba, jibi da hantsi ya cika. Har yau ban tabbatar ko bai fahimce ni ba ne ko ya fahimta sarai ya yi kunnen uwar shegu. Wanda ya san Kawu ya san wanne ya fi kama da shi.

To wa zai saki mutum daga alkawarin da ya yi wa mamaci? Na roƙi Inna ta yi mata magana. Ta ce, "Ba ni na karɓa ba, ba ni zan mayar ba." Ranar jarrabawa na ɗauki Ummi a babur da sassafe na kai ta cibiyar. A bakin ƙofa na tsayar da ita na ce, "Ummi, ni ne ubanki. Na ce ki cike kowane gurbi. In akwai zunubi, a wuyana."

Ta ce, "To, Baba."

Na san wannan "to" ɗin. Shi take yi wa uwarta in an ce ta ƙara abinci.

Na zauna a inuwar darbejiya tare da sauran iyaye har aka sallamo su. Na hango ta tana tahowa a hankali, leɓunanta suna motsi. Na ce, "Kin cike?"

"Na cike waɗanda na sani."

"Sauran fa?"

Ta taɓa goshinta da yatsa. "Suna nan."

Na juya wajen babur, don in na buɗe baki a wurin sai jama'a sun taru. Muka hau babur. Raina a ɓace yake har ba na ganin titi sosai. Muna zuwa kwanar da za ta kai mu gida ta taɓa kafaɗata ta ce, "Baba, bi ta gidan Kaka, kar su zube."

Inna tana takaba, ta buɗe mana zauren ta ciki ta koma bayan ƙofa. Tun rasuwar ba wanda ya shiga. Allon yana nan jingine, da lissafin kusurwar da ba a ƙarasa ba, da rubutun Kawu a miƙe. Ummi ta ɗauki tsumman ta tsaya da shi a hannu, ta kasa gogewa. Sai ta tsuguna ta rubuta nata a ƙasan nasa, ƙanana, tambaya da amsoshinta huɗu, ta sake wata, har ta sauke duka. Da ta gama ta juya wajen buzun da yake zama, yadda ta saba. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta juyo ta miƙo mini allin, hawaye suna zubo mata.

Na karɓa. Na Turancin na lallaɓa na fitar da su, har da laifin sauran ukun, ban ma san ina tune da yadda ake yi ba. Akwai wata ta lissafi da na duba ta sama na duba ta ƙasa ban ga ƙofar shiga ba. Amsa ta uku tana ta yi mini murmushi. Na daɗe a tsaye, sannan na ajiye allin a gwangwani.

Daga bayan ƙofa Inna ta ce, "Ta gagara?"

Na sake duban allon.

Ta ce, "To ai ka san hanyar Mamudo."

Washegari na rufe kemis, ranar da ciniki ya fi kyau, na kama hanyar Mamudo cikin rana. Tun daga gida har can mita nake yi ni kaɗai a kan babur, ina gaya wa Kawu duk abin da ban samu na gaya masa ba. Malamin lissafin yana ganina da tambaya a hannu ya gane daga zauren da ta fito. Ya share ido da hannun riga, sannan ya ja mini kujera. Kafin la'asar na dawo na warware wa Ummi ita a allo. Ba ta uku ba ce, kuma wannan ma ya ba ni haushi.

Sakamako ya shigo ta waya. Ya fi na bara, amma bai kai wanda ake nema a karatun likita ba, da ɗan kaɗan. Ummi ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta ce za ta nemi karatun jinya. Na ji ciwo, ba zan ɓoye ba. Likitoci biyu ke nan Kawu ya hana gidanmu, ɗaya ya hana yana raye, ɗaya ya hana yana kabari.

Haka na riƙa faɗa a raina har ranar addu'ar arba'in. Bayan an shafa an fara watsewa, babban ɗan Kawu ya ja ni gefe, wajen da keken yake jingine. Ya ce, "Tsakaninka da Allah, da ta canka da ta samu?"

Amsar tana bakina tun ina saurayi, ban taɓa laluben ta ba. Na buɗe baki in ce ƙwarai kuwa. Sai na tuna amsa ta uku da murmushinta. Na nemi hujjar da zan kafa, irin wadda za ta tsaya a zauren nan, nata ko nawa, ban samu ba.

Na ce, "Ban sani ba."

Ya dube ni ya daɗe. Dariyar da ya danne tun ranar makoki ta ƙwace masa, ni ma ta ƙwace mini, kafin mu ankara ta juye mana kuka, mu biyu manya da furfura a gemu muna riƙe da sirdin keke. A nan ne abin da ya tokare mini ƙirji ya wuce. Na ce na yafe wa Kawu, ba a cikin sahu ba, ba kuma don liman ya nema ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya ba Inna da mu haƙurin rashinsa. Allah ya sa tambayoyin da aka yi masa a kabari duk sun zo a cikin waɗanda ya sani, domin na san halinsa, ko a can ba zai canka ba.